Matoshin da ke Cikin Ƙahon Ozell Tillery

Duk wanda ya taɓa zama a silima ya kalli ɗaya daga cikin finafinan masu kiɗan jaz na shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ya ga Ozell Tillery, ko da kuwa bai san ya gan shi ba. Shi ne dogon nan da ke tsaye bayan jarumi ta hannun hagu, cikin farar kwat, idanu a lumshe, ƙaho a baki, jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar shanya. Mata sun sha fitowa daga silima suna share ido, suna cewa busar mutumin nan ta taɓa musu zuciya. Abin da ba su sani ba, a duk finafinan nan ko tarin Ozell ba a taɓa ji ba.

A garin Shreveport da ke kudancin ƙasar aka haife shi, uwarsa mai wanki da guga ce. Shi da Hosea Mabry tare suka koyi ƙaho a ƙungiyar majami'arsu, tare kuma suka hau jirgin ƙasa zuwa Los Angeles lokacin da ake neman hannu a wurin ƙera jiragen ruwa. Da rana su yi walda, in sun tashi su ɗauki ƙahoninsu su nufi gidajen rawa na titin Central Avenue. Tsofaffin unguwa sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi wani a wancan zamanin. Masu son kiɗa mai gudu su ce Hosea, ba ma a magana. Wasu 'yan kaɗan su ce in an zo waƙa mai tafiya a hankali, wadda babu inda mai busa zai ɓuya a cikinta, to a ba Ozell wuri.

Sai dai ba a raba musu fuska daidai ba. Ozell dogo ne, ga wushirya, ga kafaɗar da ko buhu aka rataya mata sai ya zama kwat. Hosea kuwa gajere ne mai tumbi, in yana busa sai ka ce mutumin da ke ƙoƙarin hawa bene da firiji shi kaɗai, zufa na zuba, ido ɗaya na neman ɗan'uwansa. Da wani ma'aikacin kamfanin fim ya zo neman makaɗa, bai daɗe yana tunani ba. Ya saurare su, ya dube su, ya tura Hosea ɗakin ɗaukar sauti, ya tura Ozell gaban kyamara.

Wanda bai taɓa shiga wurin ba yana zaton makaɗan da yake gani a hoto su ne yake ji. Ina. Kiɗan tuni an ɗauke shi a faifai. Ranar ɗaukar hoto sai a saki faifan a lasifika, makaɗan hoto su bi shi da yatsu da kumatu. In jarumi zai yi wa budurwarsa magana a rage sautin har ya ɓace, su kuwa su ci gaba da kiɗansu cikin shiru kamar kifaye a ruwa. Mai ganga sandunansa ba sa taɓa fata. Masu rawa ma da safa suke yi, kada takalmi ya yi ƙara.

Ran farko Ozell ya manta. Kiɗa ya ɗebe shi, jarumi na tsakiyar gaya wa yarinya cewa in babu ita shi gawa ne, sai ƙahon Ozell ya amsa masa daga baya. Busa ce mai kyau, kowa ya shaida. Darakta ya yi jifa da hularsa, ya tambaya wane jaki ne ya shigo masa da ƙaho mai rai wurin aiki.

Da aka tashi cin abinci, wani dattijo cikin makaɗan hoton ya ja shi gefe. Ya zaro matoshin kwalbar giya daga aljihu, ya fere shi da 'yar wuƙa, ya cusa a maƙogwaron ƙahon.

"Ɗana, a nan wurin wanda aka ji shi ake kora," in ji dattijon. "Yanzu hura iya ƙarfinka."

Ozell ya hura. Iska ta rasa hanya, ta dawo ta cika masa kumatu, jijiyoyi suka fito, idanu suka kawo ruwa. Daraktan ya zo wucewa ya gani, ya ja birki, ya ce a matso masa da yaron nan gaba. Daga ranar ba a sake mai da shi baya ba.

Kada wani ya ce aikin banza ne. Kafin kowane fim Ozell zai je kicin ɗin Vernice, matar Hosea, a ɗora faifai a garmaho. Hosea na cin jan wake da shinkafa yana nuna masa da cokali: nan na ja numfashi, nan na yi kuskure na mai da shi ado, nan kuma da ka ji kamar ina kuka, ƙafata ce ke ƙaiƙayi. Ozell ya bi, ya sake bi, har ya kai yana sanin inda Hosea zai shaƙi iska tun Hosea bai sani ba. A kicin ɗin nan suka raɗa wa juna suna. Hosea na kiransa Fuska, shi yana kiran Hosea Murya, har 'ya'yansu suka tashi suna zaton sunayen yanka ne.

Mutum ɗaya ce Ozell ya so ta gan shi, ita kuwa ba ta gan shi ba. Wasu silimomin Kudu a lokacin sukan datse wuraren da baƙar fata suka cika hoto. Uwarsa ta sa hular zuwa majami'a, ta hau benen da aka keɓe wa baƙar fata irinsu, ta kalli fim tun daga farko har ƙarshe, ba ta ga ko kunnen ɗanta ba. Har ta bar duniya tana da yaƙinin cewa walda yake yi, kunya ce ta hana shi faɗa.

Aikin fim da sassafe ake fara shi, mutumin da za a haska wa fuska da safe kuwa ba ya raba dare a gidan rawa. Ozell ya rage zuwa, sannan ya daina. Matarsa Lovella, mai girki a wata makarantar firamare, ta gode wa Ubangiji da ya dawo mata da miji gida ba tare da ta ɗaga murya ba. Amma leɓen mai busa nama ne kamar damtsen ɗan dambe, in an bar shi sai ya saki. Ozell ya san haka sarai. Kullum cewa yake da zarar an gama wannan fim ɗin zai cire matoshin ya koma motsa baki. A gama wannan a shiga wancan. Matoshin ya zauna daram, ya yi baƙi, ya zama ɗan gida.

'Yan sana'a sun san zancen, ba su faɗa ba, don rabinsu da irin wannan aikin suke cin abinci. Sauran mutanen unguwa kuwa sun ɗauka abin da ido ya gani shi kunne ya ji. Matan majami'a sun yi ta roƙonsa ya busa musu ko da ranar bikin Ista ce. Wata shekara ya ce kamfani ya hana, wata shekara haƙori, wata shekara kamfanin ne ya hana saboda haƙorin. Cleophus mai aski, wanda babu asirin da ya taɓa wuce ƙofar shagonsa bai leƙo ya gaishe shi ba, yakan kara masa aska a wuya ya ce ranka ya daɗe, ka yi shiru haka, ko ka fara busa ne?

Shi Hosea ko a jikinsa. Yakan sayi tikiti ya zauna can baya, in busarsa ta tashi mata suka fara ajiyar zuciya suna kallon Ozell, sai ya zunguri baƙon da ke kusa da shi ya ce ka ji yaron nan kuwa, tun da nake ban taɓa jin mai busa irinsa ba.

Zamani ya juya. Talabijin ya shigo gidaje, samari suka koma wa jita, kamfanoni suka gaji da labarin mai ƙahon da giya ta kashe. Ozell ya sami aiki a shagon sayar da kwat, inda kafaɗarsa ta ci gaba da ciyar da shi. Hosea ya busa wa tallan sabulu da na man goge baki har zuciyarsa ta fara gardama.

Wata ranar Lahadi bayan an taso daga majami'a suna zaune a barandar Hosea, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo ga rana tsaka, sai ya ce, "Fuska, likita ya ce injin ya kusa bugawa."

Ozell ya ce ai likitan nan tun bara yake wannan waƙar, da alama ita kaɗai ya iya.

"Saurara, ɗan iska. Ran da za a sa ni a rami kai za ka busa. Waƙar nan ta gida, wadda muke raka gawa da ita muna yara."

Ozell ya yi dariya, ya ce gari cike yake da samari masu leɓen ƙarfe, kowannensu zai yi alfahari da a kira shi. Ya fara lissafo su. Hosea ya bar shi har ya ƙare.

"Ba na son samari. Shekara ashirin da ɗoriya ina busa kana tsaye kana yin kyau. Sau ɗaya dai kai ka busa, ni in kwanta in yi kyau."

Daga cikin kicin Vernice ta ce kyau kam sai dai in mai gyaran gawa yana da hannun annabawa. Aka yi dariya, Ozell ya ce ya ji ya ɗauka. Yana isa gida ya ɗauko ƙahonsa.

Matoshin ya ƙi fita. Ya ja da farce, ya ƙwaƙula da allura, ya buga ƙahon a katifa. A ƙarshe Lovella ce ta kwance bakin ƙahon ta tura tsinken saƙa, abin ya faɗo a kan tebur, ɗan ƙanƙani, baƙi wuluk, kamar haƙorin tsoho. Ozell ya tsaya yadda ya saba tsayawa, ya gyara kafaɗa, ya lumshe ido, ya hura. Abin da ya fito ya fi kama da ƙofar gareji mai tsatsa. Karen maƙwabta ya amsa. Lovella ta daɗe tana kallonsa, don ita tana cikin 'yan kaɗan ɗin nan da suka ji shi a zamanin walda.

"Maigida," ta ce, "ina ka kai busar da na aura?"

Washegari kafin a buɗe shago ya tuƙa motarsa zuwa wani busasshen kogi da aka daɓe da siminti a cikin gari, ya sauka ƙarƙashin gada inda ƙarar motoci za ta rufa masa asiri. Haka ya riƙa yi kullum. Leɓen ya kumbura, ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Masu sayen kwat suka fara tambaya ko matarsa ce ta naushe shi. Abin da ya fi ci masa rai, yatsunsa ba su manta komai ba. Suna tashi su yi sama da gudu ta hanyoyin Hosea, don su kaɗai suka sani yanzu, leɓen kuwa yana can ƙasa yana haki kamar tsohon da aka bari a tasha. Waƙar kanta ba wuya gare ta ba, yara ma suna busa ta, in ban da wuri ɗaya kusa da ƙarshe inda take hawa sama ta tsaya. Duk safiya a nan yake faɗowa.

Bai taɓa yi wa wani mahaluki addu'ar tsawon rai da zuciya ɗaya kamar yadda ya yi wa Hosea a watannin nan ba. Shi kansa ba zai iya rabe maka nawa ne na ƙauna nawa ne na leɓe ba. In ya je dubiya, Hosea ba ya barin ya zauna sai ya tambaye shi yaya leɓe. Ozell ya ce yana tafe.

"Ka ce masa ya hau mota," in ji Hosea. "Ni fa ba zan iya riƙe musu ƙofa har abada ba."

Cleophus ne ya kawo shawara. Ya ga leɓen, ya haɗa biyu da biyu, ya jira shago ya watse. Ya tuna masa cewa Hosea ya taɓa busa waƙar nan a faifai saboda wani fim da aka binne jarumi a ciki, kuma Ozell ɗin nan shi ya tsaya a bakin kabarin ƙarya ya bi ta da yatsu, mata suka yi ta suma. Shi Cleophus yana da ƙaramin garmaho mai batir. Za a tara furanni a bakin kabari kamar tsauni, shi zai tsuguna a baya. Mamaci ya busa wa kansa, abokinsa ya fita kunya, jama'a su koma gida da hawaye masu kyau, wa aka cuta? Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ya fi kowa iya abu a duniya ba, ya bar shi ya je yana neman abin da ko yaran makaranta sun fi shi. Ozell bai ce e ba, bai ce a'a ba, wanda a wurin Cleophus e ne.

Hosea ya rasu da safe, yana riƙe da kofin kofi, leɓe bai iso ba.

Makabarta ta cika. Ga makaɗa tsofaffi da samari, mutanen da kunnensu ke jin kuskure tun kafin a yi shi. Ga matan majami'a a sahun gaba, suna baƙin ciki amma suna gyara zama, don yau dai kamfani bai hana ba. Ga Cleophus a bayan furanni, gwiwar wandonsa mai tsada a ƙasa. Matoshin yana aljihun Ozell. Da fasto ya gama ya yi masa alama, Ozell ya sa yatsa ya taɓa matoshin, ya bar shi a inda yake. Ya tako gaba, ya gyara kafaɗa, ya ɗaga ƙahon.

Duk wanda ya halarta ya yarda ba a taɓa ganin busa irin wannan ba. Idanu suka lumshe, kumatu suka cika, jijiyar nan ta miƙe, yatsu suka sauka a kan maɓallai kamar ruwa. Ya ja numfashi daidai inda ya kamata, ya karkata kai daidai inda waƙar ke karkata. Babu abin da ke fita. Ba wai dabara ya yi ba. Jama'a sun yi tsit, ana kallonsa, ga rami ga furanni, jikinsa ya ce ai mun san wannan wurin, ya kama aikin da ya sani. Shi a cikin kansa yana jin Hosea raɗau, har ya wuce baitin farko bai san cewa shi kaɗai ke ji ba. Wata tsohuwa ta sa yatsa a kunne ta girgiza.

Cleophus ya ɗauka alamar ke nan, ya ɗaga allurar garmaho. Vernice ta hango shi ta tsakanin furanni. Ta watsa masa wani kallo, ya mai da allurar wurinta a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Sannan ta juya.

"Ozell," ta ce, ba ta ce Fuska ba. "Yau babu mai busa maka. Ga shi nan kwance."

Ya buɗe ido. Ya dubi ƙahon, ya dubi akwatin, ya lashi leɓe, ya koma farko.

Ba za a ce ta yi daɗi ba. Sautin farko ya fito a tsage, na biyu da iska a jikinsa. Fuskar nan da kamfanoni suka yi shekaru suna haskawa ta yamutse, zufa ta keto, ido ɗaya ya buɗe yana neman taimako, har wani tsohon mai ganga ya ce wa na kusa da shi ashe duk mai busa da gaske kamannin Hosea yake komawa. Samarin makaɗa suka sunkuyar da kai suna nazarin takalmansu. Amma ya ci gaba, a hankali, a hankali fiye da yadda ake busa ta. Da ya iso wurin hawan nan ya tunkare shi, ya ji babu, sai ya zagaye ta ƙasa ya fito ta ɗaya gefen. Layin da ya biyo baya ya fita tas, siriri, babu ado ko ɗaya, ba kuma ta hanyar Hosea ba. Tsofaffi biyu ko uku daga cikin masu tsohuwar gardamar nan suka dubi juna. Daga nan leɓen ya ce ya gama, ya ƙarasa sauran da rarrafe.

Ana watsewa shugabar matan majami'a ta riƙe masa hannu ta ce Ubangiji ya ba da haƙuri, baƙin ciki ne, kowa ya san a fim ya fi haka nesa ba kusa ba. Ozell ya ce Mama, wancan na fim ai Hosea ne. Ta shafa masa kafaɗa, ta je tana ba da labarin irin tawali'un mutumin nan, wai har busarsa ya kyautar wa mamaci.

Vernice ta same shi a jikin mota yana danna hankici a baki.

"Hosea ya ce za ka kauce wa wurin hawan nan," ta ce. "Ya ce in ka kauce in ce maka matsoraci, sannan in ba ka abinci. Matsoraci. Mu je gida."

Ozell ya yi shekaru bayan nan. Matoshin ya ƙare a bakin kwalbar yajin Lovella, inda ya yi aiki ba laifi. Kowace yamma in ya dawo daga shago yakan zauna a baranda ya busa na ɗan lokaci. Bai taɓa komawa yadda yake a da ba, wurin hawan nan ma sai jefi-jefi yake kama shi, amma karen maƙwabta ya tsufa ya daina sa baki. In aka sa ɗaya daga cikin tsofaffin finafinan a talabijin ran Asabar, yakan zauna ya kalla har ƙarshe, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Baƙo in ya nuna hoton ya ce wai kai ne wancan, sai ya ce rabi.